ZAUREN ANTI: Me Zan Ba 'Yar Uwata Mai Tafiya Ƙasar Waje?

Wasiƙar da ta ciri tuta a wannan fitowar ta zo mana ne daga garin Kende ta ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, can kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mai wasiƙar ta roƙi a sakaya sunanta, to mun sakaya. Ga abin da take cewa:

"Zuwa ga Antinmu. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka Anti, ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare. Ina da wata ɗiyar gwaggona wadda muka tashi ɗaki guda tun muna ƙanana, ta girme ni da shekara uku, ina ce mata Yaya. To Allah Ya ba ta gurbin karatu a ƙasar Masar, an ce shekara biyar za ta yi, kuma ba lalle ta riƙa zuwa hutu ba don kuɗin jirgi. Tun da maganar wagga tafiya ta taso dangi ke ta kawo kaya. Wata ta kawo shinkafa kwano biyar, wani ya kawo kilishi, kakarmu ta ce ƙwaryar goro za ta ba ta. Ni kuwa Naira dubu shida gare ni da na tara wajen saƙar hula. Anti mi zan saya mata wanda ba za a yi mini dariya ba, kuma wanda in ta gani za ta tuna da ni? Wallahi in na tuna ranar rabuwa har kuka nake yi."

Allah sarki ƙanwata! Share hawayenki, tafiyar neman ilmi ba ta kuka ba ce. Kuma kin yi dabara da kika yi tambaya tun da sauran lokaci, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar nan ba taki ba ce ke kaɗai, ta duk wadda ke da yaya ko ƙane ko ɗan ɗaki mai shirin barin ƙasa ce, don haka kowa ta gyara zama.

GUZURI DABAN, KECE RAINI DABAN

Abu na farko da nake so ki cire daga ranki shi ne zancen dariya. Mu mata muna da wata ɗabi'a, in an ce kyauta sai mu ɗauka gasar biki ce, wance ta kawo kaza, ni ma sai na kawo abin da ya fi. To kyautar matafiyi ba gudummawar biki ba ce. Sunanta guzuri, shi kuwa guzuri ba a auna shi da girma, da amfaninsa a hanya ake auna shi.

Ku mutanen Bagudo ai ba baƙin wannan zance ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Jega, su tsallake Kwara a wajejen Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har su dangana da Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Tafiya ce ta watanni, a ƙafa da jakuna. Kina jin matar farke za ta ɗora masa turmi don tana son shi? Ina! Ƙuli-ƙuli ne da dakuwa da gari, sai lalita da zai ɗaura a gindi ya ɓoye kuɗinsa. Abu mara nauyi, mai jure rana, mai ceto ranar wuya.

To yau jirgin sama ya maye gurbin jaki, amma shi ma yana da iyakar abin da yake ɗauka. Yawancin kamfunan jirgi kilo 23 suke yarda a zuba a akwati guda, wasu su ba da akwati biyu, wasu ɗaya, sai 'yar jakar hannu. Abin da ya haura sai an biya kuɗi mai tsada, ko kuwa a buɗe akwati a tsakiyar filin jirgi a hau zubar da kaya jama'a na kallo. Ki duba fa, shekara biyar a cikin akwati biyu! Shinkafa kwano biyar ɗin nan kaɗai ta cinye kusan rabin akwati guda, alhali Masar ma ana noman shinkafa. A bar wa Gwaggo abarta ta yi tuwo.

KYAUTAR DA KE JAWO DA-NA-SANI

Kafin in faɗa miki abin saye, bari in fara da abin gudu, domin nan ne hatsarin yake.

Na ɗaya, magani. Kada ki kuskura ki shiga kemis ki haɗo mata ƙwayoyi da sunan ko-ta-kwana. Abin da ake sayarwa a kan tebur a kasuwanninmu, a wata ƙasar laifi ne na ɗauri. A ƙarshen shekarar 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda an same ta da ƙwayar tramadol 290 a akwatinta, ita kuwa cewa ta yi tsaraba ce ta kawo wa masoyinta mai ciwon baya. Kin ji, kyauta ce fa ta kai ta gidan yari! Idan Yaya tana da larurar da take shan magani, to ta tafi da shi a cikin kwalinsa tare da takardar likita. Haka nan ƙulle-ƙullen garin magani na gargajiya marasa suna, da layu da guraye, a bar su a gida, musamman ga mai zuwa Saudiyya inda ba sa wasa da irin waɗannan abubuwa.

Na biyu, goro. A gaya wa Kaka cikin ladabi ta raba goronta sadaka a yi wa jikarta addu'a. Hukumar alhazai ta sha jan kunnen maniyyata cewa Saudiyya ta hana shiga da goro, sannan ko a inda ba a hana ba, yarinya 'yar makaranta me za ta yi da ƙwaryar goro in ba ya bushe mata a akwati ba?

Na uku, nama da abin da ya shafi nono. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba sa yarda matafiyi daga nan ya shiga musu da nama, ko busasshe ne. Ƙwacewa ake yi, wanda ya ɓoye kuma aka gano a ci shi tara. Kowace ƙasa da dokarta, don haka a tambayi ɗaliban da suka riga ta zuwa kafin a kashe kuɗi.

Na huɗu, kuma shi ne uwa-uba, ƙunshin da ba a buɗe ba. "Don Allah ga ɗan saƙo ki kai wa ɗana, kada ki buɗe." A'a! Ko daga wa ya fito. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Arewa a Saudiyya, ta je Umra ta filin jirgin Kano, aka ce an sami ƙwaya a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare, sannan binciken hukumar NDLEA ya nuna wasu miyagu ne a filin jirgin suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, aka sako ta a ƙarshen Afrilu na 2019. To in wadda ba ta karɓi komai ba ta shiga wannan hali, ina ga wadda ta karɓa da hannunta? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ke ma ƙanwata, kada ki naɗe taki kyautar da takarda mai ƙyalli ki ce sai ta isa za ta buɗe. Ba ta a buɗe, ta gani da idonta, ta shirya da hannunta.

KYAUTAR RANAR WUYA

Yanzu ga abin da dubu shidanki za su yi, har ma su fi kayan masu kuɗi amfani.

Ku tuna abin da ya sami ɗalibanmu a Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Yara suka kwanta lafiya suka tashi da ƙarar bindiga, ba wuta, ba banki, waya sai a hankali. Aka kwashe su a manyan motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can cikin rana da ƙura, sai farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. A irin wannan rana ba mai tuna leshi ko takalmi mai tsini. Fasfo ake nema, da ɗan kuɗi a hannu, da caji a waya, da lambar wanda za a kira. Ba fata muke ba, Allah Ya tsare, amma rigakafi ya fi magani. Ga jerin abin da nake ba ki shawara:

1. Lalita. Ki sami yadi mai ƙarfi ki ɗinka mata 'yar jaka shafal mai zif, daidai girman fasfo, da igiyar ratayawa a wuya ta shige cikin riga. Tunda kin iya saƙar hula, ki yi mata ado da zare a gefe. Wannan ko Naira dubu ba za ta ci ba, amma kullum tana jikinta.

2. Ɗan littafin lambobi. Ƙaramin littafi mai bango mai tauri, ki rubuta da biro lambar Gwaggo, da ta mahaifinta, da ta kawunai biyu, da adireshin makarantar, da na ofishin jakadancin Nijeriya da ke Alƙahira. Kowace lambar gida ki fara ta da +234, ki cire sifilin farko, don haka ake kira daga waje. 'Yan matan yanzu ko lambar uwarsu ba su haddace ba, in waya ta faɗi shi ke nan an zama kurma.

3. Kwafin takardu. Ki karɓi fasfonta da biza da takardar shiga makaranta da katin rigakafin shawara, wato yalo kad, ki je shagon hoto-kwafi a yi kowanne bibbiyu. Kashi ɗaya a leda cikin akwatinta, kashi ɗaya a ƙasan adakar Gwaggo. Ki kuma tuna mata cewa katin shawarar nan sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, kada a bari sai ana gobe tafiya.

4. Adafta. Soket ɗinmu na Nijeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Na Masar da Turkiyya da Faransa mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Yarinya za ta sauka cikin dare da cajarta a hannu ta rasa inda za ta soka. Ɗan abu ne kamar akwatin ashana, amma ranar farko ya fi zinariya.

5. Ƙananan kwaɗo guda biyu na kulle akwati, da ƙyalle mai launi da za a ɗaura a hannun kowane akwati don ta gane nata. Ta kuma ɗauki hoton kayanta a waya kafin a auna, ta adana 'yar takardar shaidar kaya da za a ba ta.

In ku biyu ne ko uku kuka haɗa kuɗi, to ku saya mata fawa-bank mai kyau. Sai dai ku sani a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda a jefa shi cikin akwatin da zai shiga cikin jirgi ba.

ƘAMSHIN GIDA

Kada ku ce Anti ta cika tsoratarwa. Akwai wani ciwo da ke kama baƙo wanda ba ya jin allura, wato kewar gida, kuma ta ciki yake fara shiga. Sati biyu na cin gurasa da wake, sai ki ga yarinya ta zauna tana hawaye ba wanda ya taɓa ta, miyar kuka kawai ta tuna.

To nan ne dangi masu son kawo kayan abinci za su yi amfani, in an karkata su. Maimakon shinkafa, a kawo abin da cokali guda ke yin tukunya: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa dakakkiya, yajin ƙuli, garin ɗanwake, zoɓo, tsamiya da garin kunu. Ku da kuke bakin gulbi, ɗan bandan kifi da ya bushe ƙarau aka cire ƙaya ya isa ya tuna mata Kende, in dokar ƙasar ta yarda. Kowanne a tankaɗe, a shanya ya bushe sarai, a zuba a farar leda mai nuna abin da ke ciki, a rubuta sunansa da Turanci a liƙa, domin jami'in kwastan na can bai san kuka ba, kore-koren gari kawai zai gani. Daddawa kuwa a ninka mata leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba Yaya za ta shiga aji tana ƙamshin miya. Duka-duka kada kayan miyar su wuce kilo uku ko huɗu. In kuma an ba ta takarda a jirgi ana tambaya ko tana ɗauke da abinci, ta faɗi gaskiya.

Sai zane. Wallahi ƙannena ban san kyautar da ta kai zanen atamfa guda ɗaya amfani ga ɗiya mace a baƙunta ba. Shi ne mayafin barci, shi ne labule, shi ne shimfiɗa, shi ne abin ɗaurawa a fito wanka. Ku da atamfar Kwatano ke ratsowa ta ƙofar gidanku ai ba sai an faɗa muku mai kyau ba. A ɗinka mata kaya kala ɗaya ko biyu na gani na faɗa, don ranar Sallah da ranar da ɗalibai ke nuna al'adun ƙasarsu. Ɗan turaren wuta da lalle su ma suna da daɗi. Humra dai a toshe bakinta da kyau a sa a babban akwati, don a yawancin filayen jirgi ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu.

Sannan kada a ruɗe da cewa Masar ƙasar hamada ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin daren Alƙahira ya fi hunturunmu cizo. Safa mai kauri ƙafa biyu da rigar sanyi guda ɗaya sun isa ta fara da su, bargo kuwa ta saya a can.

IN TAFIYAR TA MAƘWABTA CE

Na san da yawa daga yaran Bagudo da Illo da Ka'oje ba jirgi suke hawa ba, ta Tsamiya suke bi su faɗa Segbana, daga nan Kandi, Paraku har Kwatano. Kada a ce ai nan da nan ne. Ƙasar wani ƙasar wani ce, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Wanda zai zauna a Benin, a canza masa 'yan sefa tun daga gida, a koya masa lissafinsu, dala ita ce sefa 5, jaka kuwa sefa 1,000. A haɗa masa da ƙaramin ƙamus na Faransanci da adafta mai ƙafa biyu. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Nijeriya damar kwana 90 ba biza, wanda zai wuce haka sai ya nemi takardar zama. In kuwa karatu ne, a bincika makarantar tukuna, domin a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan an bankaɗo masu sayar da takardun bogi. Kada a yi shekara huɗu a dawo da takardar ƙunsa ƙosai.

IN MAI TAFIYAR NAMIJI NE

Ehem! Na san wasunku tun ɗazu nan suke jira. Wadda ɗan baffanta ko ɗan kawunta ne zai tafi, kuma manya sun riga sun yi magana, ko kuwa dai zuciya ce ke 'yan saƙe-saƙenta. To ki saƙa masa hula da hannunki, ko hankici mai ɗan ado, ki haɗa da ƙaramar sallaya mai naɗewa da turare ɗan madaidaici. Ki aika ta hannun ƙanwarsa ko mahaifiyarsa, da sanin taki uwar. Amma hotonki na ɗaki, ko wanda ba ki so Baba ya gani, kada ki bayar, kada ki tura a waya. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce, zuciya tana juyawa, hoto kuwa ba ya dawowa. Kuma kada ki ajiye karatunki ki zauna ƙirgen watanni. Shi ya tafi neman ilmi, ke ma ki nemi naki, in ya dawo ya tarar da ke kin ƙaru.

WADDA BA A SAYE DA KUƊI

Ƙanwata ta Kende, kin ce kina son abin da za ta gani ta tuna da ke. To ki ari waya ki zagaya gida. Ki sa Kaka ta yi mata addu'a da irin kirarin da take mata tun tana goye, ki ɗauki muryar. Ki ɗauki ta Gwaggo, da ta ƙannenta suna rigimarsu, a zuba a memori. Sannan a shafukan ƙarshe na ɗan littafin nan ki zauna da Gwaggo ta faɗa miki yadda take haɗa miyar kuka da ɗanwake da kunun tsamiya, ki rubuta da hannunki. A shafin ƙarshe ki yi mata wasiƙa, ba doguwa ba.

Babbar kyautar kuma ita ce alkawari. Abin da ya fi damun mai tafiya ba inda za shi ba ne, waɗanda ya bari ne. Ki ce mata, "Yaya ki tafi da kwanciyar rai, ni zan riƙa leƙa Gwaggo, in yi mata wanki, in karanta mata saƙonki." Ku tsai da rana guda a mako ta yin waya, ku riƙe ta. Kuma ki roƙi dangi kada a fara damunta da "aiko mana da kaza" tun ba ta gane hanyar aji ba. Ɗaliba ce, ba 'yar kasuwa ba, yawan bani-bani shi ke jefa yara a hanyar da ba ta dace ba.

Kalma ta ƙarshe ga waɗanda tasu 'yar uwar ba karatu za ta ba, wani ne ya ce zai kai ta aikatau Saudiyya ko Libiya ko wata ƙasa, "kyauta, in kin fara aiki kya biya." Ku yi tambaya kafin ku yi guzuri. Wane gari? Gidan wa? Ina takardar aikin? A hannun wa fasfonta zai zauna? In amsa ta yi ta kewaye-kewaye, ku sanar da manya, a kai maganar ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Garin neman gira kada a rasa ido.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya ba su abin da suka je nema, Ya dawo mana da su muna raye. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba wasiƙar wata ƙanwarku da ke tambayar yadda za ta zauna lafiya da matar yayanta. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta da kyau yadda zai karantu, kuma a taƙaita.

Taku har kullum,
Anti.